Shekarar da Anka Ba Jaɓɓi Jakar Babana

Ku ɗiyana, akwai maganar da kunka tashi kuna ji a gidan nan, wai Jaɓɓi na Kurawa ya ƙwace wa gidanmu sarautar dafi. Kakarku ce ta fara faɗar ta, ni kuma na ƙyale ta ta yi ta yawo shekara da shekaru, don tana yi mini daɗi a kunne. Ba haka anka yi ba. Yanzu da ƙafa ta ƙi kai ni gona, za ni faɗa muku yadda shekarar nan ta gudana, ba ragi ba ƙari.

A zamanin Turawa, mu masu maganin dafi na ƙasar Sabon Birni da Isa muna da taro namu. Duk wanda sana'arsa ita ce cizon maciji, ko harbin kunama, ko mutum ya ci guba, ko saniya ta ci ganyen tururubi mai guba a daji, to namu ne. Kowace kaka, in gero ya shiga rumbu, sai a haɗu a zauren babana a Sabon Birni, a kwana biyu ana shawara. Babana, Tunau, shi ne Sarkin Dafi. Shi ke raba gardama in biyu sun yi karo a kan majinyaci ɗaya, shi ke cewa wane ya isa a kira shi mai magani, shi ke korar macuci mai sayar da toka da sunan garin saiwa. Alamar sarautar ba rawani ba ce, wata tsohuwar jakar fatar akuya ce wadda hannu ya mayar baƙa ƙirin, cikinta ƙaho da aska da ƙulle-ƙullen magani. Amma duk da muna zama tabarma ɗaya, kowa da asirinsa. In mutum zai daka saiwa sai ya sa a kare shi da zana, ko ɗan'uwansa bai yarda ya ga ganyen ba. Haka munka gada, kuma ban taɓa jin wani ya ce da gyara ba.

Ni ne babban ɗan Tunau. Tun ban iya ɗaura wando ba nake bin sa daji. Ina gane saiwa da ƙanshinta ko da ido rufe, in na dubi sawun haƙori a ƙafar mutum na san ko kasa ce ko gamsheƙa. Da na yi aure na koma Tozai da zama, sunana ya riga ni zuwa. Ba wanda ya taɓa ce mini, Labbo, kai za ka gaji jakar nan. Ba a bukatar a faɗa. Ni dai na san in ana taro ni ke zama dama da Baba.

Jaɓɓi kuwa da gemunsa ya shigo sana'ar. Bafulatani ne daga Kurawa, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Wata shekara shanunsa sunka ci tururubi, ya zo gun Baba neman taimako, anka ceci wasu, wasu sunka mutu. Maimakon ya koma rugarsu, sai ya bar wa ƙannensa garken ya ce shi koyo yake so. Da farko dariya muke yi masa. Bai san sunayen itatuwa da Hausa ba, ko riƙon aska bai iya ba. Amma yana da wata ɗabi'a da ba mu da ita. In mun yi wa mutum tsaga, mun kafa ƙaho, mun shafa magani, ya tashi ya tafi da ƙafarsa, mu a wurinmu aiki ya ƙare. Shi kuwa sai ya ɗauki sandarsa bayan kwana bakwai ya bi mutumin har ƙauyensu ya gano ko yana nan. Ya dawo ya durƙusa gaban Baba ya ce wane ya warke, wane kuwa an rufe shi shekaranjiya. Ni abin haushi yake ba ni, ina ganin tonon asiri ne. Baba kuwa sai ya saurare shi har ƙarshe.

Ranar da na fara jin hassada a ƙirjina, na zo daga Tozai gaisuwa da hantsi, na tarar da su biyu a zaure suna shan fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya na zagayawa tsakaninsu. Ni da anka haifa a gidan ban taɓa shan fura da ludayin Baba ba. Jaɓɓi ya zabura ya tashi ya ba ni wuri, ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya Labbo." Na amsa da ƙyar. Furar nan ban sha ba, na ce ina azumi, alhali ko kusa.

A kakar shekarar da nake ba ku labari, idon Baba ya yi hazo ƙwarai, hannunsa kuma bai iya riƙe aska. Da taro ya cika, anka yi addu'a, sai ya ce shi ya gaji, zai sauke kaya tun yana iya ganin wanda zai ɗauka. Ya ce duniya ta canza: an gina ɗakin magani na gwamnati a Isa, akwai malamin asibiti mai allura, ga kuma magungunan kashe ƙwari da ɓera sun fara shigowa kasuwa, waɗanda kakanninmu ba su san su ba.

"Mutum biyu nika son ji," in ji shi. "Labbo da Jaɓɓi. Kowa shi faɗa muna, in an ba shi jakar ga, ina za shi kai mu."

Jin sunan Jaɓɓi kusa da nawa kawai ya isa ya sa bakina ɗaci. Amma na tashi, kuma na yi magana mai kyau, don Allah Ya ba ni baki. Na ce abu na farko shi ne martabarmu. Na ce malamin asibiti na kiranmu masu tsaface-tsaface, don haka duk ɗan taron da ya tura majinyaci Isa ya zubar mana da mutunci, a kore shi. Na ce a ƙara tsare asiri, kada a koya wa kowa sai ɗan gado. Da na faɗi ɗan gado ban dubi Jaɓɓi ba, amma kowa ya san inda na nufa. Na tuna musu kakanninmu da sunka bi mayaƙan Gobir suna zare kibiya mai dafi daga jikin mutane tun ba a san Bature ba. Zaure ya ɗauki kabbara, wasu tsofaffi har da share hawaye.

Jaɓɓi bai ma tashi tsaye ba. Daga durƙushe ya yi magana, sai da anka ce ya ɗaga murya.

"Ni ban iya zance awa Yaya Labbo ba," in ji shi. "Abin da idona ya gani za ni faɗa. Gamsheƙa in ta tofa wa mutum a ido, maganinmu na yi. Kunama, maganinmu na yi. Amma kububuwa ba mu iya ta ba. Mutum shi tashi nan lafiya lau, shi yi muna godiya, kwana ukku jini shi ɓalle mishi ta dasashi, ta wurin tsagar da munka yi mishi da hannunmu. Na bi su gida-gida, na gani. Da nika kiwo ƙasar Faransa, na ga likita a Maraɗi ya yi wa wani allura, jinin ya tsaya. An ce irin allurar ga ta zo Isa. In kububuwa ta ciji mutum, mu aje aska, mu aza shi bisa jaki."

Zaure ya kaure. Jaɓɓi bai tsaya ba. Ya ce kuma kowa ya buɗe ƙullinsa a gaban 'yan'uwa, a ga wanda ke aiki da wanda bai yi, a bar ɓoyo. Ya ce sababbin gubar nan na kanti su ne abin tsoro a gaba, kuma aikinmu ba jiran mutum ya faɗi ba ne, mu riga shi, mu shiga kasuwa mu yi gargaɗi. Wani dattijo daga Isa, ana ce masa Ɗan'ige, ya miƙe a fusace.

"Kai yaro, saiwar da ubana ya nuna mini shina bisa gadon mutuwa, ita za ni baje maka bisa tabarma? To ɗiyana su gaji mi?"

"Baba Ɗan'ige," in ji Jaɓɓi, "in maciji ya ciji ɗanka a Kurawa, kai kana Isa, wa za ya yi mishi saiwar?"

Dattijon ya koma ya zauna. Duk da haka, da an ƙirga kawuna a ranar, ni ke da rinjaye. Na kwana da tabbacin haka. Da gari ya waye, bayan an karya, Baba ya sa anka ɗauko jakar daga ɗakinsa. Ya lalubi igiyarta, ya ɗaga ta, ya ce, "Jaɓɓi, matso." Har yau ina jin ƙarar da ƙahon ya yi a cikinta lokacin da ta sauka a hannunsa. Mutane sunka fara satar kallona. Na yi murmushi, na tashi na ba shi hannu na yi masa barka, fuskata kamar an shafa mata barkono.

Da anka watse na shiga wurin Baba. Ban ko zauna ba.

"Baba, mi na yi maka?"

"Ba ka yi mini komi ba. Ka fi shi hannu, ka fi shi sanin itace, kowa ya sani."

"To don mi?"

"Na tambaye ku ina za ku kai mu. Kai ka yi maganarmu tun farko har ƙarshe. Shi maganar waɗanda maciji ka cizo ya yi. Ni kau, Labbo, mutanen da na sallama sunka tafi gida sunka mutu, sun fara zo mini a rai. Ka taimake shi. Shi bai da bakin da mutane ka saurare, kai kana da shi."

Na juya na fito. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komi. Ta ce da ƙarfi yadda Baba zai ji daga ɗaki, "Tsufa dai ya ci hankali. A ɗauki gadon gida a miƙa wa mai bin gindin saniya." Maganar nan tata ta zama mini kamar ruwan sanyi, na riƙe ta na tafi da ita Tozai. Uwarku Hajo kuwa da na ba ta labari, sai ta ce, "To ai jaka ya ɗauka, bai ɗauki hannunka ba. Masu zuwa wurinka za su zo." Na daka mata tsawa na ce mace ba ta san wannan ba.

Watannin rani na shekarar nan, ban yi su da lafiyar zuciya ba. Mutum biyar ko shida daga cikin taron sunka bi bayana, muna haɗuwa ranar kasuwa muna cin naman Jaɓɓi. Labarinsa kuwa bai fasa zuwa ba. Yau a ce ya ɗora wata mata bisa raƙumi ya kai ta Isa, an yi mata allura ta tashi. Gobe a ce malamin asibitin da ke zaginmu ya shimfiɗa masa tabarma, har yana tambayarsa sunayen macizai. Jibi a ce Ɗan'ige da kansa ya kwance ƙullinsa ya nuna masa. In na ji irin wannan, sai in kwana da haushi. Na fara kiran sa Sarkin Allura, mutane na dariya. Ranar da anka ce wani manomi ya mutu a kan jaki kafin su isa Isa, za ni faɗa muku gaskiya, daɗi na ji. Mutum ya mutu ya bar iyali, ni kuwa na shiga gida ina fara'a har uwarku ta tambaye ni ko albishir anka yi mini.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, don haka tun kafin bazara rumbuna sun fara amsa kuwwa. Malamin gona ya rarraba irin dawa da na gyaɗa wanda anka barbaɗe da wata jar hoda don kada gara da ƙwari su ci shi a ƙasa. Ya faɗa a ƙofar mai gari cewa na shuka ne, ba na ci ba. Kowa ya ji. Amma ruwa ya ƙi sauka, sama ta yi fari fat, ga iri a buhu cikin ɗaki, ga yara na kuka. Abin da kowa ke raɗawa shi ne, ai hoda ce, in an wanke ta fita.

Wata Litinin da hantsi ina gyaran danga, sai ga Jaɓɓi ya ɓullo, sanda a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da ƙura, jakar Baba na rataye a gefensa. Idona a kan jakar ya fara sauka. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya ƙi shiga zaure, ya ce sauri yake.

"Yaya, magana ce mai nauyi. Jan irin ga, wanki bai fid da gubar shi. Wani gida a Kurawa sun wanke har sau ukku, sun shanya, sun daka. Tsohuwar gidan ta rasu, kajin da sunka ci dusar ko ɗaya ba ta kwana ba. Na kai wa malamin asibiti ragowar, ya ce maganin ya shige cikin ƙwayar. Ina zagaya garuruwa, ban iya tsayawa ko'ina. Tozai taka ce, kai suka jin magana. Don Allah ka sa a yi shela yau."

"Na ji," na ce.

"Yau, Yaya."

"Na ce maka na ji. Ko sai ka koya mini yadda aka magana a garinmu?"

Ya ba ni haƙuri, ya sha ruwa a tsaye, ya kama hanya. Da na shiga gida uwarku ta ce, "Mi ya kawo Jaɓɓi da ranar ga?" Na ce gaisuwa.

Ban yi niyyar ɓoyewa har abada ba, wannan Allah Ya sani. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, in na tafi wurin mai gari a ranar, an ga shigowar Jaɓɓi an ga fitarsa, kowa zai ce Sarkin Dafi ya aiko, Labbo ya isar. Ni ɗan Tunau in zama sankiran Jaɓɓi. Sai na ce wa raina, bari ƙurar ƙafarsa ta kwanta. Ranar Jumu'a in an sallame salla, sai in tashi in faɗa a matsayin abin da ni na gano da sanina. Kwana huɗu ne kawai. Na ce wa kaina ai malamin gona ya riga ya faɗa, wanda ya ci shi ya so.

Maƙwabcina a Tozai sunansa Nomau. Danga ɗaya ta raba mu. Lokacin da na zo garin baƙo, shi ya yanka mini gefen gonarsa, matarsa Ige ita ta karɓi haihuwar babbanku. Mutum ne mai raha, ko yunwa ba ta hana shi wasa. Ranar Talata da safe ya leƙo ta saman danga, ya dubi sama, ya ce, "Labbo, ruwan ga ya yi fushi. Ga iri can ɗaka shina kallonmu muna kallon shi, ban san wa za ya fara cin wani ba." Na yi dariya. Maganar tana nan a kan harshena, kalma biyar ba ta kai ba. Sai na tuna zai tambaye ni wa ya faɗa mini, don jiya ya ga Jaɓɓi a ƙofata. Na ce, "Allah dai Shi kawo ruwa." Ya ce amin, ya ɗauki gatarinsa ya tafi sharar gona.

Ranar Laraba bayan azahar munka ji kururuwa. Na tsallake dangar ban bi ta ƙofa ba. Nomau na kwance tsakar gida yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa, idanunsa sun kafe sama. Ga akushi a gefe da ragowar tuwon dawa, ga bayan ɗaki inda anka zubar da ruwan wanki ƙasa ta yi ja. Shi ya dawo daga gona da yunwa, shi ya ci mai yawa. Ige da ɗiyanta uku sun ɗan taɓa, sun fara layi suna riƙe ciki. Na yi duk abin da na sani. Na sa uwarku ta kawo nono, na dama garin amai na ɗura wa Ige da yaran, sunka yi ta kelaya har sunka galabaita, jikinsu ya lafa. Nomau kuwa haƙoransa sun datse, na sa kara in buɗe bakin, karan ya karye. Na rungume shi a ƙirjina yana fizga kamar rago a hannun mahauci, ina kiran sunansa. Kafin la'asar ya saki. Da yamma mai gari ya sa anka yi shela, gida-gida anka fito da jan iri. A gida huɗu an riga an jiƙa.

Kashegari da safe Jaɓɓi ya iso, labari ya cim masa a hanya. Ya duba Ige da yaran, ya ce a kai su Isa malamin asibiti ya gani, ya nemo jakuna da kansa. Kafin su tashi ya ja ni bayan rumbu inda ba kowa.

"Yaya, ka samu ka faɗa musu?"

Ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Na jira ya zage ni, ko ya ɗaga murya mutane su taru. Da ya yi haka da na samu abin riƙewa, da na ce kun gani, dama neman ya tozarta ni yake. Bai yi ba. Ya juya ya tafi wurin zaman makoki, ya durƙusa gaban mai gari da dattawa, ina jin sa daga inda nake.

"Ranka shi daɗe, na san wagga magana tun Litinin. Na ratso garin ga da ƙafata, ban tsaya na yi shela da bakina ba, don gaggawa. Wanga sakaci nawa ne. Ku yafe mini."

Wasu sunka yi gunaguni, ƙanen Nomau ya tashi zai kai masa hannu anka riƙe shi. Ba wanda ya tambaye shi gidan wa ya tsaya. Ni ina tsaye bayan rumbu, kuma za ni faɗa muku abin da ban so ku ji ba: ko a wannan lokacin, da gawar Nomau ba ta kwana biyu a ƙasa ba, abin da na ji ba godiya ba ce. Haushi na ji, cewa ko a nan ma ya fi ni. Ya samu abin da zai ɗauka a kansa a gaban mutane, ni kuwa ko ƙarfin buɗe baki ba ni da shi.

Uwarku ba ta bukaci kowa ya faɗa mata ba. Bayan addu'ar uku, tana kwashe tuwo, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ran Litinin ba gaisuwa ta kawo shi ba." Na ce ta yi shiru. Ta ce, "Shirun za ni yi, Labbo. Ai ka koya mini yadda aka yin shi." Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da zancen ba, kuma ba ta sake yi mini irin dariyar da take yi mini da ba. Duk kaka, kafin damin farko ya shiga rumbunmu, sai ta sa an kai wasu gidan Ige, ba ta shawarce ni ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Baba ya rasu a ƙarshen daminar nan. Na je jinyarsa, ya riƙe hannuna ya daɗe, bai tambaye ni komi game da Tozai ba. Ban sani ba ko ya sani.

A taron kaka na gaba, wanda anka yi a Kurawa, ni na fara kwance ƙullina. Na baje maganin tofin gamsheƙa na gidanmu a kan tabarma, na faɗi sunan itacen da inda yake fitowa. Waɗanda sunka bi bayana sunka ce na sayar da su, biyu daga cikinsu ba su ƙara yi mini magana ba. A taron ne Jaɓɓi ya kafa doka cewa duk gargaɗi mutum biyu za su kai shi, kuma a tsakiyar kasuwa za a faɗe shi, ba a ƙofar gidan kowa ba. Bai faɗi dalili ba. Da ya nemi wanda zai riƙa zagaya kasuwannin ƙasar Isa, na ce ni. Na yi shekaru ina wannan aiki, ina tsayawa kusa da 'yan hatsi ina kwarara murya a kan jan iri da maganin ɓera da kububuwa, kuma kowace shela da sunansa nake buɗe ta: Sarkin Dafi ya ce a faɗa muku. Kada ku ɗauka ta daina yi mini ɗaci. Har ya rasu, in na ga mutane sun tashi tsaye don ya shigo, sai na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin haƙarƙarina. Na dai koyi in bar shi ya motsa, in ci gaba da abin da nake yi.

Hanyar da ya ɗora mu a kai ita ta rage mu, wannan gaskiya ne. Da mutane sunka gane allura, masu zuwa wurinmu sunka ragu, taron ya yi ta ƙanƙancewa. Amma na ga mutanen da kububuwa ta ciza sun tsufa sun ga jikokinsu, abin da ban taɓa gani ba a zamanin da nake taƙama da hannuna.

Ige ta rayu shekaru masu yawa bayan mijinta, ba ta sake aure ba. A wurinta ni ne mutumin da ya tsallake danga ya ceci ɗiyanta uku. Duk sallah sai ta dama fura da hannunta ta kawo mini, ta durƙusa a ƙofar zaure ta yi ta sa mini albarka, ta ce wa yaran su gaida babansu Labbo, ba don shi ba da babu su. In an ambaci Jaɓɓi kuwa sai ta kau da kai, har ta mutu ba ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba, shi kuma bai taɓa gyara mata ba. Da ciwon ajalinta ya yi tsanani ta aiko a kira ni. Na tafi da niyyar in faɗa mata, na shirya kalmomin tun daga gida. Na zauna bakin gadonta, ta kama hannuna da nata biyu, ta ce, "Labbo, ban da abin da za ni biya ka. Na roƙi Allah Shi haɗa ka da Nomau a aljanna, ku yi maƙwabtaka awa da."

Na ce amin. Abin da na iya faɗa ke nan.